Baba Katako da Igiyar Ƙaninsa

Baba Katako ake ce masa a ƙungiyarmu ta gudu, a gida kuwa Yaya, har matarsa da 'ya'yan ƙaninsa haka suke kiransa. Na fara haɗuwa da shi a shekarar da gwiwata ta hana ni gudu, aka ba ni keke da jarkokin ruwa in riƙa bin 'yan ƙungiya a baya. Na kan keke yana ganin abin da masu gudu ba sa gani, saboda haka yawancin wannan labari a kan idona ya faru. Sauran kuwa daga bakin mai shi na ji.

Dogon mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya haura hamsin, babban yatsansa na hagu ba farce tun yana saurayi. Kafinta ne ɗan kafinta. Shagonsu doguwar rumfar kwano ce a bayan layin masu sayar da kayan gini, injin yanka katako a tsakiya, injin gogewa a kusurwa, dusar katako har idon sawu. In injinan nan suka tashi tare, ko ihu mutum ya yi a kunnen ɗan'uwansa ba za a ji ba. A cikin wannan ƙara ya tashi, a cikinta kuma ya raini ƙaninsa, Auta, bayan rasuwar mahaifinsu.

Da yake magana ba ta da amfani a wurin, sai 'yan'uwan biyu suka yi wa kansu wani harshe na hannu da ido. Ɗaga haɓa, miƙo min. Yatsa biyu a kan ƙirji, rage tsawo. Shafa kunne, mai kaya ya iso, je ka ji da shi. Babba a cikin alamomin shi ne dunƙulallen hannu a sama: tsaya cak, akwai haɗari. Da shi Yaya ya taɓa ceton yatsun Auta, da shi kuma Auta ya taɓa hana rigar Yaya shiga bakin inji. Sun shafe shekaru suna fitar da gadaje da ƙofofi da kujerun makaranta, maganar da suke yi a wuni ba za ta cika tafin hannu ba, kuma ba wanda ya taɓa jin sun saɓa.

A waje bambancinsu yake. Auta da an kashe inji sai bakinsa ya tashi. Shi ke ciniki, shi ke ba mai kaya haƙuri in aiki ya makara, shi ke tsokanar masu sayar da fenti. Yaya kuwa shirun shago ya bi shi har gida. Matarsa takan ce ta auri mutumin kirki, sai dai har yau ba ta tantance irin muryarsa ba, kuma ranar da ya yi mata sannu sau biyu a jere sai da ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Shi dai murmushi yake yi. A wurinsa, wanda ya gyara ƙafar kujera tun kafin a ce ta yi rawa ya riga ya faɗi duk abin da ake bukatar faɗa.

Sai hawan jinin ido ya kama Auta. Ganin ya fara cinyewa daga gefe, kamar ana matso da bango, kafin a kai ga likita abin ya yi nisa. Yaya ya haɗa masa kujera mai hannu a ƙofar shago don ya ci gaba da tarbar masu kaya. Amma zaman bai yi daɗi ba. Yaya yakan ɗago daga inji ya shafa kunne ko ya ɗaga haɓa, ya tsaya yana jira, sannan ya tuna, ya sauke hannun a hankali kamar wanda ya ɗauko kayan wani bisa kuskure. Daga baya Auta ya daina zuwa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Kullum da yamma Yaya yakan shiga ya zauna kusa da ƙanin nasa a kan benci, ya dube shi, ya dubi hannayen da suka fara laushi, in ya gaji ya tashi ya tafi. Wata rana yana bakin ƙofa yana sa takalmi, sai ya ji Auta yana tambayar matarsa ko Yaya ya leƙo yau. Bencin bai ma huce ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, ya gane cewa duk zaman da yake yi shi kaɗai ke yin sa, ƙaninsa yana raye a gabansa amma hanyar da yake bi ya kai gare shi ta toshe. Bai koma ciki ba, domin bai san abin da zai ce ba.

Akwai wata cibiya da ke koya wa makafi sana'a da tafiya da sanda, can Auta ya fara zuwa. Ƙungiyarmu kuwa kowace shekara takan shiga gudun fanfalaki na rabin zango, kilomita ashirin da ɗaya, don tara wa wani wuri taimako, kuma a shekarar cibiyar nan aka zaɓa. Mai horar da mu, Anti Koci, tsohuwar malamar motsa jiki ce, gajeriya, usur ba ya barin wuyanta. Ita ta je cibiyar ta ce ba ta ga dalilin da za a yi gudu domin makafi, su kuma suna zaune ba, duk mai ƙafa ya fito. Auta, wanda ya buga ƙwallo da ƙuruciya, shi ya fara ɗaga hannu.

Makaho ba ya gudu shi kaɗai. Gajeriyar igiya ake samu mai zobe a kowane baki, shi ya riƙe ɗaya, ɗan jagora ya riƙe ɗaya, su yi gudu kafaɗa da kafaɗa. Anti Koci ta riga ta zaɓa masa wani direban bas da muke kira Rediyo, wanda ko a kan tudu numfashi na sarƙe shi bai fasa ba da labarin fasinjoji. To, ranar farko, gari bai gama wayewa ba, sai ga Auta a filin makarantar da muke atisaye, a bayansa kuma wani dogon dattijo da wandon aiki da takalmin da fenti ya ɗiɗɗiga a kai. Bai gaisa da kowa da baki ba. Ya miƙa hannu ya karɓi igiyar daga wurin Rediyo kamar yadda ake karɓar guduma daga hannun wanda bai iya ba.

Anti Koci ta dube shi sama da ƙasa, ta karanta masa dokokin aikin. Ba a jan igiya, domin ba akuya ake kaiwa kasuwa ba. Ba a shiga gabansa. Mafi girma kuma, bakin ɗan jagora shi ne idon mai gudu: rami, tudu, kwana, yashi, babur, duk sai an faɗa, kuma tun kafin a iso. Ta tambaye shi ko ya fahimta. Ya gyaɗa kai.

"Ya ce e, Anti," in ji Rediyo. "Sai dai da ƙeya ya faɗa, ni na fassara."

A nan ya samu sunan Baba Katako, domin Rediyo ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya yi kama da kayan sana'arsa haka ba.

Makonnin farko a fili muka yi su, ana zagayawa. Baba Katako ya sha wuya. Mutumin da ke ɗaukar ƙofa a kafaɗa ɗaya, sai ga shi zagaye kaɗan yana haki kamar an danne masa ƙirji. Ƙafafunsa suka yi bororo, har matarsa ta je ta sayo masa takalmin gudu, ta ce ba za ta yi jinyar girman kai ba. Amma ko sau ɗaya bai fasa zuwa ba. Da jikinsa ya saba kuwa, sai muka ga abin sha'awa. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna ɗaukar dogon katako tare, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba sai an koya musu daidaita sawu ba. Ƙafar hagun wannan da ta daman wancan tare suke sauka, igiya tana lilo a tsakani ba ta taɓa miƙewa. Kowa yana yabo. Ni kaina na yaba. Anti Koci kaɗai ke tsuke baki, tana cewa fili ba shi da rami, kuma ita har yanzu ba ta ji muryar jagoran ba. Baba Katako yana jin ta, amma a zuciyarsa yana ganin an samu abin da ake nema. Ga shi ga ƙaninsa, hannu ya sake zama harshe, ta igiya yake jin in Auta ya gaji, ta igiya Auta ke jin za a yi kwana. Ya ɗauka tsohuwar hanyar ce ta sake buɗewa.

Da tsawon gudu ya ƙaru, sai aka fita titi. Hanyarmu takan bi ta bayan asibiti, ta gangara layin masu gyaran mota, ta haye gada, ta dawo. A fitar farko ya ɗan yi ƙoƙari, yakan ce "hagu" ko "tudu" a ƙasan maƙogwaro, kamar mai biyan tara. A fita ta uku, a layin masu gyaran mota, wata motar kaya ta matso da su gefe, kan murafun siminti da aka rufe kwata da su. Ɗaya daga cikin murafun babu shi. Ina bayansu a kan keke, na ga lokacin da Baba Katako ya hango ramin. Bai yi jinkiri ba ko kaɗan. Hannunsa na dama, wanda ba ya riƙe da igiya, ya tashi sama a dunƙule, da sauri irin na wanda ya shekara talatin yana tsare yatsun ɗan'uwansa. Ya ja birki, idonsa a kan fuskar Auta, yana jiran ya tsaya.

Auta ya zurma. Haɓarsa ta daki bakin siminti, ƙaurinsa ya yage.

A ɗakin ɗinki na asibitin, Baba Katako yana tsaye jikin bango, rigarsa duk jini, igiyar tana hannunsa har lokacin. Anti Koci ta tambaye ni abin da ya faru, na faɗi abin da na gani, domin ba a tambaye ni in yi ƙarya ba. Auta yana kwance ana ɗinke masa haɓa, ya saurara har na gama. Da ma'aikaciyar ta sake shi, sai ya juya fuskarsa wajen da ba kowa.

"Yaya, kana nan?"

"Ina nan."

"To ka ga, sai da na tambaya. Hannu ka ɗaga min?" Ya yi wata gajeriyar dariya, ɗinkin ya hana ta fita. "Ni fa ba na gani, Yaya. Kowa a garin nan ya sani, kai kaɗai ka rage."

Da ƙafar ta warke, Auta ya dawo atisaye, amma ya roƙi Anti Koci ta mayar masa da Rediyo. Ba da fushi ya faɗa ba, ya ce yana da 'ya'ya, kuma haɓa ɗaya gare shi.

Mun ɗauka ba za mu ƙara ganin Baba Katako ba. Sai ga shi washegari da takalmin gudunsa. Ya shiga bayan sahu, yana bin ƙaninsa da Rediyo daga nesa, yana jin yadda direban ke zuba: rami, kwana, ga mai shayi can yana harararmu, tudu, ɗaga ƙafa. Auta yana dariya. Baba Katako ya daɗe bai ji wannan dariyar ba, kuma ba shi ya jawo ta ba.

Ya ba da haƙuri ta hanyar da ya sani. Ya zaɓi katako mafi kyau a shago, ya fiƙe sanda, ya goge ta har tana santsi kamar gilashi, ya yi mata mariƙi daidai tafin Auta, wanda ya san awonsa ba tare da ya gwada ba. Ya jingine ta a ƙofar ɗakin Auta ya fita. Auta ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya gane hannun da ya yi ta, ya ce wa matarsa aikin ya yi kyau, amma a gaya wa Yaya yana da sanda, yaya ne ba shi da shi. Matar ta rasa yadda za ta kai wannan saƙo, ta ba matar Yaya, ita kuwa ta isar da shi yadda yake, ba ta rage ko wasali ba.

Anti Koci ce ta ɗauki mataki na gaba. Wata safiya bayan an tashi, ta ce Baba Katako ya tsaya. Ta ɗaure masa ido da ƙyalle, ta ba shi bakin igiya, ta riƙe ɗayan, suka shiga zagaya fili. Da farko tana magana, yana bi lafiya. Can sai ta yi shiru. Filin nan ya san shi kamar tsakar shagonsa, ya san babu ko tsakuwa a ciki, amma bai yi nisa ba gwiwoyinsa suka fara ƙin miƙewa, ƙafarsa tana laluben ƙasa, kafaɗunsa suka haɗe. Igiya tana hannunsa, yana jin motsinta, amma ba ta gaya masa komai game da abin da ke gaba. Ya tsaya. Ya ce min daga baya, abin da ya fi tsorata shi ba faɗuwa ba ce, ji ya yi kamar an tafi an bar shi a tsakiyar fili, alhali Anti Koci tana nan ɗani ɗaya daga kafaɗarsa. Da ta kwance ƙyallen bai dube ta ba. Ya zauna a kan ciyawa ya daɗe, bencin gidan Auta yake tunani.

Daga ranar ya fara koyon magana kamar yadda ake koyon sana'a, da maimaici. Yana gudu shi kaɗai a bayan sahu yana kiran hanya da ƙarfi, ba kowa a gefensa. Masu share ƙofar shago suna bin sa da kallon tausayi. Da farko kiran yakan makara, sai ya tsallake rami sannan ya ambace shi, Rediyo ya waiwayo ya ce Allah ya ji ƙan wanda ya faɗa. A hankali kiran ya riƙa riga ƙafa. Abin ya bi shi har gida: zai shiga ɗaki ya ce "dakali," zai zauna ya ce "kujera, dama." Matarsa ta ce shekara da shekaru tana jiran a ce girkinta ya yi daɗi, ashe rami ake yi wa magana, da ta sani da ta haƙa ɗaya a tsakar gida. Ya dube ta, ya ce girkin yana da daɗi. Ta ce min sai da ta nemi wuri ta zauna.

Da yamma kuma, in ya shiga gidan Auta, tun daga ƙofa yake cewa ya zo, in zai tashi ya ce zai tafi. Tsakanin biyun babu wani abu mai yawa. Auta dai bai yi zancen igiya ba.

Ana saura mako biyu a yi tseren muka fita dogon gudu na ƙarshe. A gindin gada aka tsaya shan ruwa, ina zuzzuba musu a kofuna. Baba Katako ya zo ya tsaya a gaban ƙaninsa, a gaban kowa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ga hannunsa ya fara tashi, ya mayar da shi ya riƙe da ɗayan.

"Auta, ni ne. Na yi kuskure ranar nan, na ji maka ciwo. Ina so ka ba ni igiya daga nan zuwa fili. In na yi shiru, ka karɓe."

 Rediyo kuwa, a karon farko tun da na san shi, kofinsa kawai yake kallo. Auta ya shanye ruwansa, ya miƙo min kofin, ya tambayi Anti Koci ko wannan doguwar huɗuba daga bakin yayansa ta fito ko wani aka yi haya. Ta ce shi ne. Sai ya zare zoben daga hannun Rediyo ya miƙa shi gaba, ba daidai inda Yaya yake ba, Yaya ya matsa ya karɓa.

Na bi su a kusa, hannuna a kan birki. Muryar tana fita a bushe, amma a kan lokaci: hawa, yashi, babur ta dama, sauka. Suka wuce layin masu gyaran mota, ya kira ramin nan tun daga nesa, ya sake kiransa, har Auta ya ce ya ji, ai sun san juna shi da ramin. Bayan asibiti kuwa titin sabo ne, miƙaƙƙe, babu abin kira. Baba Katako ya ce hanya lafiya. Ya sake cewa hanya lafiya. Daga nan kalmomin da ya tanada suka ƙare, na ga yana waige-waige yana neman abin faɗa, shirun yana tsawo. Auta ne ya katse shi.

"Tunda hanya lafiya, gaya min wani abu. Na yi furfura? Kowa na tambaya sai ya ce ina nan yadda nake."

Baba Katako ya juya ya dube shi, suna gudu.

"Ka yi. Gefen hagu ya fi yawa. Goshinka ya ƙara faɗi. Tabon haɓar ya kwanta, gemu ya rufe rabi." Ya ja numfashi. "In ka ɗaure fuska, Baba sak."

"Baba ai mummuna ne."

"Shi ya sa ba a gaya maka ba."

Auta ya yi dariya har sawunsu ya rikice, igiya ta miƙe, suka sake daidaitawa. Ya ci gaba da tambaya, Yaya yana amsawa: wane launi aka yi wa bangon asibitin, 'yarsa ta fari wa ta ɗauko, kujerar ƙofar shago tana nan ko an sayar. Tana nan, in ji Yaya, kullum yana kakkaɓe ta. A tsakiyar wata amsa ya yanke ya ce kwana, hagu, suka shiga fili.

A nan Auta ya gaya wa Anti Koci yadda yake so a yi ranar tsere. Rediyo ya kai shi rabin farko, lokacin da cunkoso ya fi yawa, domin gaskiya ya fi Yaya iya aikin. Yaya kuma ya jira a gada ya karɓi rabin ƙarshe, domin a lokacin mutum ya gaji, ba ya son labarin fasinjoji. Baba Katako ya fara gyaɗa kai, sai ya tsaya, ya ce to.

Haka aka yi. Sun shigo cikin na ƙarshe-ƙarshe, ana shirin naɗe tutoci, muryar Baba Katako ta dishe har ba a jin ta sai in mutum yana gefensa. Bayan tseren na koma wani gari wurin ɗana, ban ƙara bin ƙungiya ba. Sau ɗaya na dawo na bi ta shagon. Injinan suna kashe, Auta yana goge ƙafar tebur da hannu, Yaya yana gaya masa inda ya rage. Wannan ita ce haɗuwata ta ƙarshe da Baba Katako, ranar Asabar, tara ga watan Nuwamba.